Yadda ake tayar da tukunyar da korona ta kifar: abin da na koya a Agege

Daren Litinin 30 ga Maris 2020, ƙarfe goma sha ɗaya, dokar kulle ta korona ta fara aiki a Legas da Abuja. A daren nan ina da buhun shinkafar tuwo ɗaya da rabi a ɗaki, da jarkar manja, da yara mata biyu masu taya ni aiki, da bashi a hannun mutane wanda ban rubuta ko sisinsa ba. Sati biyu aka ce mana. Ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu, sati biyar ke nan, har azumi ya riske mu a ciki, masallatai a rufe, babu tarawi a jam'i.

Abinci nake sayarwa a Agege, a nan Legas: waina da safe, tuwon shinkafa da miyar kuka ko taushe da rana. Masu cin abincina 'yan acaɓa ne da 'yan dako da 'yan ga-ruwa da mahautan Oko-Oba, mutanen da sai sun fita suke samu. Ranar da aka hana su fita, ni ma an hana ni. Muka cinye shinkafar a gida, muka cinye manjan, muka shiga cin kuɗin sari. Da aka buɗe gari, tukwanena na nan, uwar kuɗi kuwa babu ita.

Har yau wata ba ya ƙarewa sai wata ta zauna a bencina ta ce, "Yaya, jarina ya karye, ta ina zan fara?" Wata tun korona ba ta miƙe ba, wata canjin kuɗi ne ya kayar da ita, wata tsadar mai. Ciwon iri ɗaya ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na yi, bi da bi, domin a wannan harka abin da kika fara da shi ya fi yawan kuɗin da kika samu muhimmanci.

Fara da littafi da biro, ba da neman rance ba. Littafin 'yan makaranta ya isa. Shafi ɗaya ki rubuta duk wanda yake bin ki, da nawa. Shafi na biyu duk wanda kike bi. Na uku abin da ya rage a hannunki: tukunya nawa, kula nawa, tanda, benci, murhu, har ludayi. In ba ki iya boko ba, ki rubuta da ajami, ko ki zaunar da yaronki ya rubuta miki. Na san abin yana da ɗaci, don ranar da na haɗa nawa lissafin sai da na yi hawaye. Amma kafin in rubuta, bashin nan kamar dutse yake a ƙirjina, ban san iyakarsa ba. Da na gan shi a takarda sai na ga abu ne mai farko da ƙarshe. Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Daga nan ki je wurin masu bin ki tun kafin su aiko. Wannan ne abin da ya fi komai wuya, kuma shi ne ya tashe ni. Akwai dattijon da nake sarin shinkafa a wurinsa shekara da shekaru, yana bi na kuɗin buhu guda. Kunya ta sa na yi kusan wata ina canza hanya don kada in wuce ta gaban shagonsa. Wata Juma'a na daure na je, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, kuɗinka na ci su da yara a kulle. Ba zan iya biya gaba ɗaya ba, amma duk Juma'a zan kawo abin da ya sawwaƙa, ga littafi mu riƙa rubutawa." Ya yi shiru, sannan ya ce in kawo buhu a auna mini kwano uku in je in fara. Shi ma a lokacin a karye yake, kuma abin da ya fi cin ransa masu ɓuya ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɗan kasuwa na iya haƙuri da jinkiri, amma ba ya sake ba wanda ya guje shi kaya. Kwano ukun nan su ne jarina na biyu, kuma ba banki ne ya ba ni ba.

Waɗanda kike bi kuma, ki raba su. Wasu daga cikin yaran da ke cin bashi a wurina sun koma Arewa da aka buɗe hanyoyin jihohi ranar 1 ga Yuli 2020, ba su dawo ba. Na ja layi a kan sunayensu na yafe, don in daina ɗora lissafina a kan kuɗin da ba za su zo ba. Waɗanda ke nan kuwa na ce duk wanda ya zo cin abinci ya ɗora ɗan wani abu a kan kuɗin faranti, mu rage. Ban daina ba da bashi ba, wanda ke ciyar da 'yan ci-rani ba zai iya dainawa ba. Amma yanzu kowa yana da iyaka, kuma komai a rubuce yake.

In dole sai kin sayar da wani abu, ki sayar da atamfar da ke cikin akwati ko ɗan kunne. Kada ki taɓa tukunya, kada ki taɓa keken ɗinki ko injin markaɗe. Na ga mata sun sayar da kayan aikinsu a kulle da kuɗi kaɗan, yanzu abin ya ninka ya sake ninkawa, sun kasa mayarwa.

Kada kuma ki ce sai kin dawo yadda kike a da rana ɗaya. Da can kala huɗu nake dafawa. Da na dawo, kala ɗaya na kama: shinkafa da wake da mai da yaji, saboda ba ta buƙatar nama, ba ta kwana, kuma ko wanda aljihunsa ya yi sanyi zai iya saye. Sai da na yi wata biyu a haka kafin in mayar da tuwo, waina kuma sai bayan babbar salla. Yaran nan biyu masu taya ni aiki na sallame su da haƙuri da alkawarin in abu ya gyaru zan neme su. Kowace yamma kuɗin ciniki kashi uku nake yi musu, a gwangwani uku. Na farko uwar kuɗi, wato daidai abin da zan sake sari da shi gobe, wannan ko yaro na kuka ba a taɓa shi. Na biyu na cefanen gida. Na uku na bashi da zubi. In ciniki bai kai ba, gwangwanin gida ne ke raguwa. Maigidana ya ga tsaurin abin da farko, amma da na buɗe masa littafin ya gani da idonsa, shi ya koma mai tuna mini.

Wani abu da yawancinmu ba ma yi shi ne lissafin abin da faranti ɗaya ke ci. Mukan ƙirga shinkafa da mai mu tsaya. To gawayi fa? Ruwan da ake saye jarka-jarka fa, da leda, da kuɗin tikiti, da kuɗin danfo zuwa kasuwa da na ɗan dako? Ki auna kwano ɗaya, ki dafa, ki ƙirga faranti nawa ya fitar, ki raba duk kuɗin da kika kashe a kansu. Ki riƙa sake wannan lissafi duk sanda kaya suka motsa. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, komai ya bi shi. Waɗanda ba su da lissafi sun yi makonni suna sayarwa a tsohon farashi, suna ganin rumfa cike da mutane, alhali uwar kuɗi suke rabarwa.

Sari kuma a haɗu a yi shi. Mu huɗu muke haɗa kuɗi, ɗaya ta tafi kasuwar Mile 12 bayan asuba ta sayo kwandon tumatir da buhun albasa da attaruhu, mu raba a gida. Kuɗin mota ɗaya, farashin sari. Ki kuma san lokaci: tumatirin rani na Kano da Katsina yana cika kasuwa daga hunturu zuwa farkon bazara, da damina kuma ya yi tsada. Ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, 'yan kasuwar abinci da na shanu suka tsayar da lodi daga Arewa na kusan mako guda, kayan miya suka zama gwal a Ikko. Tun daga nan ba na rabuwa da kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa. Ƙanwata ke haɗo mini daga gida ta ba direban da muka sani.

Yanzu maganar adashi, kuma a nan zan ɗan daɗe, don na ga yadda ya rushe na kuma ga yadda ya tashi. Kafin korona muna da adashi na mata fiye da ashirin, zubi mai nauyi. Da kulle ya zo, waɗanda suka riga suka kwasa suka kasa zubi, waɗanda ba su kwasa ba kuɗinsu ya maƙale, ni ina cikinsu. Aka yi ta cacar baki, har mata biyu da suka tashi gida ɗaya suka daina gaisawa. Ba wadda ta yi niyyar cuta. Mun kafa abu ne ba mu taɓa tambayar kanmu me za a yi ranar da kowa ya rasa lokaci ɗaya ba.

Da muka sake kafawa a ƙarshen 2020, mu goma kawai muka yi, kuma kowace mun san ƙofar ɗakinta da sana'arta. Muka sa zubi ƙanƙani, wanda ko a mummunan sati mace za ta iya fitarwa ba tare da ta taɓa uwar kuɗinta ba. Duk Juma'a bayan la'asar ake zubi, uwar adashi ta rubuta, wata daban ita ma ta rubuta a nata littafin. Jerin kwasa kuwa ba ƙuri'a muka yi ba a zagayen farko, duba muka yi wace ce tukunyarta ke kife har yanzu, aka fara da ita, da sharaɗin kuɗin sana'a za su shiga, ba anko ba. A kan kowane zubi akwai ɗan ƙari da muke jefawa a wani asusu daban wanda ba a kwasa. Daga cikinsa ake ranta wa wadda ciwo ko rasuwa ya sama, ba ruwa, ta mayar a hankali. Sannan muka yi ƙa'idar da ta fi duka: in wani abu ya faru da ya tsayar da gari baki ɗaya, ana dakatar da zubi da kwasa tare, kowa ta tsaya inda take, a ci gaba daga nan in gari ya buɗe. Mun yi amfani da wannan ƙa'ida a Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, ba wadda ta ɓata da wata. Biyu daga cikinmu Yarabawa ne, maƙwabtanmu, su ajo suke kiran abin, kuma wajen cika alkawarin zubi na koyi abu da yawa a wurinsu.

Sai takardu. A 2020 gwamnati ta fito da tallafi iri-iri. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ga magidanta da ƙananan sana'o'i ta hannun bankin NIRSAL. Akwai shirin Survival Fund na naira biliyan 75, wanda a cikinsa aka ba masu sana'ar hannu da masu sufuri naira dubu 30 kowanne, aka kuma yi wa sana'o'i dubu 250 rajistar suna kyauta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Yawanci ta intanet ake nema, kuma sai da BVN, wato lambar shaida ta banki, da asusun banki. Mu a layinmu yawancin mata ba su da ko ɗaya. Wata asusun mijinta take amfani da shi, wata na ɗanta. Abu ya zo ya wuce muna ji a rediyo. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yau da gari ke lafiya ki nemi lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, ki buɗe asusu da sunanki, ki yi BVN, ki tabbatar sunan da ranar haihuwa iri ɗaya ne a ko'ina, don harafi ɗaya na iya tsayar da ke. Ki kuma yi rajistar LASRRA, katin mazauna Jihar Legas. Wasu 'yan'uwanmu na gudunsa suna ganin na 'yan asalin jiha ne. Na duk mai zama a Legas ne, kuma asusun tallafa wa sana'o'i na jihar, LSETF, wanda aka kafa a 2016, yana neman sa kafin ya saurare ki.

Hattara da masu yawo da fom. Wani ya zo unguwarmu da jaka da kati a wuya, ya karɓi kuɗi a hannun mata da yawa, har da ni, wai zai sa sunanmu a tallafi. Ba mu sake ganinsa ba. Duk wanda ya ce ki biya kafin a ba ki tallafi, ko ya nemi lambar sirrin katinki, ko lambar da banki ya turo miki a waya, ki tashi ki bar wurin. Haka rancen nan na waya da ake bayarwa cikin minti biyar: ruwansa na cin mutum, in kin yi jinkiri kuma su bi lambobin da ke wayarki suna tozarta ki. Rance mai ruwa dai kowa ta san hukuncinsa, ki tambayi malaminki. Akwai bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, inda banki ke sayen kayan ya sayar miki da ribar da kuka yi yarjejeniya a kai tun farko. Ni dai ban ci rancen banki ba har yau, adashi ya ishe ni. Asusun bankin kuwa ya yi mini rana: da takardun naira suka ɓace a farkon 2023, masu karɓar tiransifa ne kawai suka yi ciniki. Ki rubuta lambar asusunki a kwali ki rataye, kuma kada ki yarda da hoton da mutum zai nuna miki a wayarsa, sai kin ga kuɗin sun shiga a taki.

Kuskurena babba a da shi ne duk kwastomomina iri ɗaya ne. Tun 1 ga Fabrairu 2020, kafin ma cutar ta shigo ƙasar, gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu. A Yunin 2022 aka sake tsaurara dokar, a Satumba aka ƙara wasu wuraren kamar Mushin da Oshodi. Yara da yawa aka ƙwace musu babura, suka tattara suka tafi. Da su kaɗai na dogara da na sake faɗuwa. Abin da ya cece ni shi ne na riga na fara sa hoton waina a WhatsApp, ina karɓar aikin suna da biki da walima, ina kai kula ofisoshi biyu a Ikeja ranar Juma'a. Yarabawa da Inyamurai na son waina da miyar taushe fiye da yadda muke zato, in dai wuri na da tsafta kuma an tarbe su da fuska. Ki gaishe da Iya da yarenta, ki tambayi jikokinta. Da jihar ta hana farar robar nan ta zuba abinci a Janairun 2024, na koma roba mai murfi, na sa kuɗinta a lissafin faranti.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ba ne, wanda in ba a gyara shi ba ribar ba ta da amfani. Makarantu sun yi kusan wata shida a rufe a 2020. A wannan tsakani yara mata da yawa a unguwarmu suka shiga talla, da aka buɗe kuma iyaye suka ga ɗan abin da suke kawowa, ba a mayar da su ba. Ni ma 'yata ta biyu ita ke riƙe mini rumfa a lokacin, kuma wallahi na ji a jikina ranar da na ce ta ajiye faranti ta ɗauki jaka. Amma na mayar da ita, boko da Islamiyya duka, kuma ina roƙon kowace uwa ta yi haka ko da shekaru sun wuce. Ki je makarantar gwamnati mafi kusa ki yi magana da shugabar, ki ji ajin da za a sa ta. Ki duba katin rigakafin ƙananan yaranki ma, don da yawa sun tsallake allura a shekarar nan saboda tsoron asibiti. A asibitin sha-ka-tafi na gwamnati kyauta ake yi. Akwai kuma inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko, wadda ake biya a shekara. Ciwo ɗaya na dare ya isa ya cinye jarin da kika yi shekara kina tarawa, don haka ki je ki ji sharuɗɗanta.

Bokitin wanke hannu mai famfo da na saya saboda korona har yau yana bakin rumfata da sabulu. Da kwalara ta ɓarke a Legas a Yunin 2024, mutane suka riƙa tsoron abincin waje, ni kuwa masu zuwa wurina ba su ragu sosai ba, don sun saba ganin ruwana a rufe, abincina a rufe.

Ba na manta dararen Afrilun 2020, da aka yi ta jita-jitar 'yan daba na shiga unguwanni. Mazanmu da na maƙwabta, Bahaushe da Bayarabe, suka kwana a bakin layi suna ƙona taya suna gadi, mu kuma muna dafa musu shayi da ɗan abin da ya rage. Daga wannan zama ne aka san juna da suna, kuma daga nan aka fara taron layi na wata-wata da har yanzu ake yi, ana tara kuɗin gyaran kwata da na mai gadi. In ana irin wannan taro a layinku, ki tura maigida ko ki je da kanki, ki biya naki. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gari, kakanninmu fataucin goro ya kawo su Agege, amma har yau wasunmu na zama kamar gobe za su tafi.

Kuɗin buhun Baba Alhaji na gama biya cikin wata bakwai, ya sa hannu a littafin da kansa. Ɗaya daga cikin yaran da na sallama ta dawo aiki a 2021, ɗayar ta yi aure a Zariya. Kwasata ta gaba a adashi tana zuwa bayan sati uku, kuma na riga na yi cinikin ƙaramin firiza na hannu a wurin wani mai gyara a Dopemu, don in fara ajiye zoɓo da kunun aya kafin zafi ya shigo.